Mai Ciki da Kwalbar Zaƙi: A Hana Ta ko A Ƙyale Ta?

A gidajen Zazzau akwai shawara iri biyu da ake ba mai juna biyu, kuma ba sa ga maciji da juna. Ta farko ta tsofaffi ce: in ciki ya tsufa a rage zuma, a rage rake, a yi nesa da duk abin da ke da zaƙi, domin a cewarsu zaƙi yana taruwa a mara ya tsare hanya ranar naƙuda. Dalilin da ya sa ke nan ake jiƙa saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci a ce maganin zaƙi ne. Ta biyun ta zamani ce: da zarar an je awo an ce jinin mace ya yi ƙasa, sai maigida ya biya ta kasuwar Sabon Gari ko shagunan bakin titin Samaru ya ɗauko katan ɗin lemon malt da gwangwanayen madara, wai suna ƙara jini. Uwar miji na hani, miji na saye, ita kuwa mai cikin tana tsakiya da kwaɗayinta.

Wannan gardama ba a tsakar gida kaɗai take ba. Shekaru fiye da 50 ke nan masana na ja-in-ja a kanta, tun daga 1972 da John Yudkin na Landan ya wallafa littafinsa yana zargin sukari da haddasa ciwon zuciya. A 'yan shekarun nan zargin ya tattara a kan sinadari guda, wato furuktos. Sukarin da muke zubawa a shayi, na kwali ne ko mazarƙwailar Maƙarfi, sinadarai biyu ne a haɗe: rabi gulukos, rabi furuktos. Kusan kashi 40 cikin 100 na zuma furuktos ne, haka kuma yana cikin dabino da mangwaro da lemo da kankana. A Amurka ana zaƙaƙa lemon kwalba da wani ruwan sukari na masara mai furuktos kashi 55, mu kuwa namu na rake ne, mafi yawansa ɗanye ake shigo da shi daga Brazil a tace a Legas. Tsakanin 50 da 55 tazara kaɗan ce, saboda haka mai cewa wannan matsalar Amurkawa ce kawai bai duba lissafin ba.

Hujjar masu hani

Masu cewa a hana suna farawa ne daga hanta. Gulukos, in ji su, kowace gaɓa ta jiki tana iya ƙona shi, kuma insulin na tsaye a kansa yana daidaita shige da ficensa. Furuktos kuwa galibinsa hanta ce ke fama da shi, kuma hanyar da take bi wajen sarrafa shi ba ta da birki irin na gulukos. In ya zo da yawa a lokaci guda, sai hantar ta mayar da wani kaso kitse, wani ya zauna a cikinta, wani ya fita cikin jini. Aikin yana kuma haifar da yurik asid, sinadarin da ake dangantawa da ciwon gaɓoɓi da hawan jini.

Ba a kan ɓeraye kaɗai aka ga haka ba. A 2009 Kimber Stanhope da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ɗauki mutum 32 masu ƙiba, suka raba su gida biyu. Tsawon mako 10, kashi 25 cikin 100 na kuzarin da suke samu ya fito ne daga abin sha mai zaƙi, wasu na gulukos, wasu na furuktos. Nauyin da suka ƙara kusan ɗaya ne, amma 'yan furuktos kitsensu ya fi taruwa a cikin ciki, a kewayen kayan ciki, kitsen jininsu ya hau bayan cin abinci, jikinsu kuma ya rage sauraron insulin.

To, ita mai ciki fa? A rabin ƙarshe na goyon ciki, jikin mace da kansa yake rage sauraron insulin domin sukari ya wadata ga ɗan tayi. Wato tana kusa da gaɓa tun kafin ta sha komai. Wadda jikinta ya kasa ɗauka sai ta faɗa ciwon sugan masu ciki, kuma ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa ɗaya cikin kowace haihuwa 6 a duniya tana zuwa ne da hauhawar suga a jinin uwa. Sakamakonsa sananne ne a ɗakin haihuwa na asibitin koyarwa na Shika da kowane asibiti: jariri ya yi girma fiye da ƙima, kafaɗa ta maƙale, naƙuda ta yi tsawo, a kai ga tiyata, uwa kuma ta tashi da haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin nan gaba. Wani bincike a kan ma'aikatan jinya mata fiye da 13,000 a Amurka, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa masu shan lemon kola mai sukari sau 5 ko fiye a mako kafin su ɗauki ciki sun fi masu shansa jefi-jefi haɗarin wannan ciwo da kashi 22 cikin 100. A ƙasar Norway kuma, a 2012, an bibiyi masu cikin fari fiye da 30,000 aka ga masu yawan shan lemon kwalba mai sukari sun fi gamuwa da hawan jinin ciki, wanda shi ne ƙofar jijjiga.

Hujjar da ta fi sosa rai ita ce ta abin da ke cikin cikin. A Jami'ar Washington da ke Sent Luwis, a 2016, an ba ɓeraye masu ciki abinci mai yawan furuktos, sai aka tarar yurik asid da kitse sun taru a mabiyiya, 'ya'yan kuma ba su girma yadda ya kamata ba. A Massachusetts an bi sawun uwaye da 'ya'yansu sama da 1,000, aka ga yaran da uwayensu suka fi shan lemon kwalba mai sukari a tsakiyar goyon ciki sun fi kitse da suka kai wajen shekara 8. Sai kuma babbar hujja daga Ingila. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ke auna wa mutane sukari, ba a saki ba sai a watan Satumba na 1953, kuma da aka saki sai shansa ya kusa ninkawa. A 2024 masu bincike suka kwatanta mutum wajen 60,000 da aka haifa gab da wannan lokaci da bayansa. Waɗanda aka yi goyon cikinsu kuma suka yi shekaru biyun farko a zamanin awon sukari, haɗarin ciwon suga ya ragu musu da kimanin kashi 35 cikin 100, na hawan jini da kimanin kashi 20. Masu hani na cewa: ga shi nan, abin da uwa ta sha a bana ɗanta ne zai biya yana da shekara 50.

Sannan su juyo gida su yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga baligi, in so samu ne ma rabin haka. Robar lemo guda mai rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50 ɗin nan gaba ɗaya. Alhali kafin a kai gare ta an sha koko da sukari da safe, an sha shayi mai kauri, da rana zoɓo ko kunun aya mai sanyi, da yamma fura da nono an zuba cokali uku. Babu wanda ya ƙirga, domin babu wanda yake ɗaukar abin sha a matsayin abinci.

Hujjar masu cewa a ƙyale

Ɗaya ɓangaren ba jahilai ba ne, a cikinsu akwai likitoci da masana abinci. Abu na farko da suke cewa shi ne a dubi yawan da ake ɗurawa a gwaji. Sau da yawa ɓeran gwaji ana ba shi abincin da kashi 60 cikin 100 nasa furuktos ne, ko ruwan sha da aka cika da shi dare da rana. Mutanen Davis ma furuktos zalla aka ba su, kashi ɗaya bisa huɗu na abincinsu, abin da ba wanda yake yi a Hayin Dogo ko Muciya, tunda furuktos a abincinmu kullum tare yake da gulukos. John Sievenpiper da tawagarsa a Toronto sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2012, suka ce in an musanya furuktos da wani nau'in sitaci ba tare da ƙara yawan kuzari ba, nauyin mutum ba ya ƙaruwa. Illa tana bayyana ne idan an ɗora shi a kan abin da jiki ya riga ya ƙoshi da shi. A ganinsu laifin na wuce gona da iri ne, ko da me aka yi shi.

Na biyu, binciken da ake yi a kan mata masu ciki galibi na bibiya ne, domin ba wanda zai yarda a ɗura wa mai ciki sukari da gangan don a ga abin da zai faru. Mace mai yawan shan lemo a Amurka ko Norway ta yiwu ita ce mai ƙarancin motsa jiki, mai shan taba, mai ƙarancin kuɗi. Masana na ƙoƙarin cire waɗannan daga lissafi, amma ba a iya cire su ƙarƙaf. Hujjar Ingila ma a kan sukari take baki ɗaya, ba ta ware furuktos ta ce shi ne ɓarawon ba. Kuma furuktos ba baƙo ba ne a harkar haihuwa: shi ne abincin ƙwayoyin maniyyi, mabiyiya da kanta tana ƙera shi, kuma duk masanin kiwo ya san cewa a jinin ɗan tayin tunkiya furuktos ya fi gulukos yawa.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi a Zariya. Suna tambaya: wai me ke kashe matanmu? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya na da ƙarancin jini, kuma a Arewa maso Yamma kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. A nan Zariya ne Farfesa Kelsey Harrison ya bibiyi haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, kuma abin da ya wallafa a 1985 ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, da masu ƙananan shekaru, da waɗanda aka kawo a makare. Zazzaɓin cizon sauro, zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda: waɗannan ne har gobe ke cika gadajen asibiti. Mace mai laulayin da ba abin da ke zama a cikinta sai kunu mai ɗan zaƙi, in ka tsoratar da ita ka raba ta da shi, da me ka bar ta? Sun kuma ji tsoron kada a ce wa mata “akwai guba a 'ya'yan itace” su guji mangwaro da gwaiba da lemo, waɗanda su ne mafi arha a cikin abin da ke gina jikinsu.

Suna da wani darasi na tarihi da suke kafa hujja da shi. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bayyana wa duniya yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. An daɗe ana ɗora laifin duka a kan kanwa. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa daga Kano ya nuna akwai hannun rama da talauci da hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Wato kama sinadari guda a ce shi ne komai yana iya rufe ido daga ganin sauran.

A kan ma'auni

Idan aka ajiye hujjojin gefe da gefe, za a ga kowane ɓangare ya riƙe gaskiya, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Wani bincike daga Jami'ar Princeton a 2018 ya haska wurin. An gano, a jikin ɓeraye, cewa idan furuktos ya zo kaɗan-kaɗan, musamman tare da abinci, ƙaramin hanji ne ke sarrafa mafi yawansa tun kafin ya isa hanta. Sai ya zo da yawa a lokaci guda ne yake fin ƙarfin hanjin ya kwarara zuwa hanta. Kamar kwatar unguwa ce a watan Agusta: yayyafin yini guda ta kwashe shi salin-alin, amma ruwan minti ashirin mai ƙarfi sai ya cika ta ya shiga ɗakuna.

Wannan ne ya raba zaƙin da ake taunawa da wanda ake kwankwaɗa. Mai cin lemo guda tana ɓarewa, tana taunawa, tsokarsa da zarensa na rage wa sukarin gudu, ga bitamin a ciki, kuma kafin ta ci uku ta ƙoshi. Mai shan rake ma sai ta yi aiki da haƙori kafin ta samu abin da roba guda ke bayarwa a minti biyu. Binciken Norway ɗin nan da masu hani ke kafa hujja da shi, shi da kansa ya nuna cewa masu cin 'ya'yan itace, ɗanye da busasshe, haɗarin hawan jinin ciki ya ragu musu. Tawagar Toronto kuma, wadda masu cewa a ƙyale ke jingina da ita, ta tabbatar a 2018 cewa lemon kwalba da ke ƙara kuzari a kan buƙata yana ɓata daidaiton suga a jini, 'ya'yan itace kuwa ba sa yi. Shaidun ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri guda: ɗan itace ya kuɓuta, kwalba ba ta kuɓuta ba.

Dabino ma a nan yake samun matsayinsa. Labarin Nana Maryamu da dabino a lokacin naƙuda sananne ne ga kowane ɗalibin allo, kuma wani ƙaramin bincike a ƙasar Jodan a 2011 ya ga cewa matan da suka ci dabino 6 a kullum a makonni 4 na ƙarshe sun fi shiga naƙuda da kansu ba tare da an sa musu ruwan naƙuda ba. Binciken ƙarami ne, kuma dabino cike yake da sukari, don haka wadda aka tabbatar tana da ciwon suga sai da shawarar likita. Amma ga mai lafiya, 'yan ƙwayoyin dabino da robar lemo ba sa shiga sahu ɗaya.

Saura hujjar yunwa, wadda ita ce mafi ƙarfi a hannun masu cewa a ƙyale. Da za a bi ta har ƙarshe, kansu take komawa. In har matsalar matanmu ƙarancin jini ce, to lemon malt ba ya ɗauke da sinadarin ayon da zai gyara jini, abin da ya fi yawa a cikinsa ruwa ne da sukari. Kuɗin katan guda zai sayi ƙwai da wake da hanta da kifi busasshe da zogale da alayyafo, ga ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, waɗanda su ne ainihin maganin. Kwalbar tana cutar mai hali ta hanyar ƙari, tana cutar talaka ta hanyar tsare gurbin abin da ya fi ta amfani. Akwai kuma abin da David Barker na Southampton ya nuna tun a ƙarshen shekarun 1980: jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi haɗarin ciwon zuciya da suga in ya girma, musamman idan daga baya ya yi ƙiba. Al'ummar da yaranta ke tsumburewa a ƙuruciya sannan su girma a cikin yalwar lemon kwalba ta haɗa haɗari biyu a jiki ɗaya. Binciken 2018 da ya ƙirga masu ƙarancin jini shi ne kuma ya ce kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya nauyinsu ya wuce ƙima. Rama da ƙiba suna zaune a layi ɗaya, wani lokacin ma a gida ɗaya.

Tsofaffi fa? Bayaninsu na cewa zaƙi na taruwa ya toshe hanya bai dace da yadda jiki yake ba, amma hanin da suka yi ya yi kusa da abin da likita zai faɗa a yau game da jaririn da ya yi girma ya maƙale. Inda za a rabu da su shi ne wajen magani. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a san adadinsa ba, ba ya wanke sukari daga jini, kuma yana iya taɓa hanta ko ƙoda ko ya tayar da naƙuda ba lokacinta ba. Abin da ke nuna gaskiyar lamari shi ne gwajin suga da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, musamman ga mai ƙiba, da wadda ciwon suga ke danginsu, da wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye.

Gwamnati ta shiga maganar da dokar kuɗi ta 2021, wadda ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, aka fara karɓa a 2022. Masu fafutukar lafiya na cewa ya yi kaɗan, masu masana'antu na cewa yana barazana ga ayyukan yi. Naira 5 a kan roba guda dai ba za ta sauya ra'ayin kowa ba, kuma haraji ba ya isa ga bokitin zoɓo ko tukunyar kunu. Can ɗin hannun mai damawa ne ke yanke hukunci, kuma ba sai an kashe wa mata sana'a ba: zoɓon da aka rage wa sukari aka ƙara masa citta da kanumfari zoɓo ne.

Hukuncin da ma'auni ya bayar ke nan. Kiran furuktos guba wuce iyaka ne, kuma zai iya raba mata da 'ya'yan itacen da suke buƙata. Cewa kuma ba komai, a bar mai ciki ta sha abin da ranta ke so, sakaci ne da amanar mutum biyu. Mai ciki ta ci mangwaronta da gwaibarta da kankanarta, ta sha kununta da furarta da sukari kaɗan, ta mayar da lemon kwalba abin ranar biki, ruwa ya zama abin kashe ƙishi. Nauyin kuwa bai kamata a jibga mata ita kaɗai ba, domin a mafi yawan gidajen Samaru da Sabon Gari ba ita ke zuwa cefane ba. Maigida da ke son nuna kulawa, da 'yan dubiya da ke shigowa da leda a hannu, da ma'aikaciyar awo da ake tambaya me ke ƙara jini, su ne za su fara sauya abin da suke kawowa da abin da suke faɗa. Kuɗin da za a kashe ɗaya ne, bambancin yana ga abin da aka sa a cikin ledar.